Attajiran Gwangwani a Illela

Garin da ke cin kuɗi iri biyu ba ya rasa tsaba. A Illela, wadda 'yan kilomitoci ne tsakaninta da Birnin Ƙonni, sulallan naira sun daɗe da komawa gwangwani, don ko mai ƙosai ba ta karɓar naira ɗaya da naira biyun da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007. Tsabar sefa kuwa na nan da ranta, dala biyar da dala ashirin suna kai-komo duk ranar Lahadi, ga kuma kwabban Turawa masu huji kwance a ƙasan adakar kakanni. Da wayar hannu ta zo da labarin cewa sule mai kuskuren bugu yana yin miliyoyi a Turai da Amurka, sai gari ya wayi gari da sabbin attajirai, kowa da arzikinsa ƙulle a tsumma. Kuskuren bugu gaskiya ne, masu tara tsofaffin kuɗi kuma suna biya. Abin da ke raba gardama shi ne lokaci: aibin nan a gidan buga kuɗi ya samu sulen, ko bayan ya fito duniya?

Na farkonsu shi ne Mai Lotsattse. Dala ashirin ce ya tsinta a bakin titi, ta baje, gefe ɗaya ya lanƙwashe, ya kuma rantse inji ne ya yi tuntuɓe. Da ya san yadda ake bugun, da ya rage rantsuwa. Falle ne na ƙarfe ake yankowa, a sa shi tsakanin hatimi biyu, wani zobe ya riƙe bakinsa, a danna sau ɗaya da ƙarfin gaske. Idan fallen ya goce, zanen zai karkata gefe a fuska biyun baki ɗaya, a bar wani yanki sumul ba zane, haruffan da suka samu shiga kuma su fito raɗau. A sulen mutuminmu haruffan ne da kansu suka daku, ga ramukan tsakuwa, ga ƙarzar kwalta. Aikin tirelar albasa ne. Ƙanensa Mai Layi, wanda sulensa ke da layi a fuska, ya fi shi hujja kaɗan, domin hatimi kan tsage da gaske. Amma kowa ya ga yadda ake buga bulo: in mazubin ne ya tsage, layin yana fitowa tudu a jikin kowane bulo, in kuwa amalanke ce ta goge shi daga baya, rami za a gani. A sa farce. Layin da ya taso na hatimi ne, wanda ya nutse kuwa, da ɗan ƙarfe ture a bakinsa, na wuƙa ne ko na mabuɗin babur.

Sai Mai Juyi, wanda ya gano cewa in ya juya dala biyar ta gefe, bayanta a kife yake fitowa, ya ɓoye ta bai gaya wa ko matarsa ba. Haka gidan buga kuɗi na Faransa ya saba buga tsabar sefa, saɓanin ta Najeriya da ke fitowa a miƙe. Ke nan duk mai shayin Ƙonni yana da cikin kwano na wannan dukiya.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne Magajin Kaka, domin kayansa tsoho ne da gaske. Zai kwance ƙulli ya fito da azurfa mai hoton wata gwaggo mai ƙiba, ya nuna 1780 da ɗan yatsa. Mariya Tereza ce ta Ostiriya, ta rasu a shekarar, aka kuma ci gaba da buga kuɗinta da wannan shekara ɗaya har zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi, fatake suka shigo da su ƙasar Hausa. Giram 28 ce, mafi yawanta azurfa, don haka tana da kuɗinta a wurin maƙerin fari, amma ba kuskure a ciki. Ko kuma ya fito da kwabo mai huji na 1936 da sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya yi murabus kafin shekara ta zagayo. Labari mai daɗi, sai dai an buga kwabon da yawa, araha ne a wurin masana. A nan Magaji zai ce, to Malam, kana nufin babu na gasken ke nan? Akwai, kuma a cikin irin gwangwaninsa suke. A 1936 masana'antar Heaton ta Birmingham, mai alamar H, ta haɗa hatimin kuɗin Afirka ta Gabas da na kwabon Afirka ta Yamma a ƙarfe ɗaya. Akwai kuma kwabon 1956 da ya fito da sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun 1952. Waɗannan ba guduma ko taya da za ta iya ƙirƙiro su, kuma ba sa ɗaukar ido ko kaɗan, sai wanda ya zauna ya karanta rubutun. Magaji kuwa lanƙwasa yake nema, karatun bai dame shi ba.

Mai Wanki shi ne abin tausayi. Ya ji an ce kaya sai da kyan gani, ya samo toka da lemun tsami ya dirje kwabon har ya yi walƙiya. Masu saye suna ƙin wankakken sule, domin dirza tana cinye fatar da hatimi ya bari, wadda ita ce shaidar. Ko na 1956 ɗin ne ya faɗo hannunsa, ya zubar da yawancin kuɗinsa a bakin rijiya.

Akwai mai gardama ta ilimi, wanda zai ce ai ba wanda ya taɓa shiga gidan buga kuɗin a cikinmu, wa ya san abin da inji zai iya? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ita ce inji ba shi da dabara. Hanyoyin kuskurensa ƙididdigaggu ne, kowace tana barin sawu. Ɗan Dabara, wanda ke gutsure bakin sule da zarto ya ce haka ya fito, a nan yake faɗuwa: in tun a wurin yanka fallen ya gutsure, zanen da ke kusa da giɓin yakan dushe a hankali, bakin da ke daura da shi ma yakan yi rauni, saboda ƙarfen bai cika zoben ba. Yankan zarto kaifi gare shi, da sabon ƙyalli. Sikelin maƙera ma shaida ne. Tsohuwar dala ashirin giram 7 ce. Wadda taya ta baje nauyinta na nan, wadda aka buga a kan fallen wani sulen kuwa nauyin wancan za ta ɗauko. Huji na biyu a gefen kwabo kuma ba sai an kai shi sikeli ba, wata baiwar Allah ce ta rataya shi a kitso shekaru aru-aru, tarihi ne mai kyau amma ba na Birmingham ba.

Duk waɗannan suna da mai jiransu, wato Dillali. Shi bai taɓa ganin sulen da ba kuskure ba. Yana da Bature a Kwatano, ko wani Alhaji a Legas, wanda ya ƙagu ya biya, sai dai akwai kuɗin gwaji, da kuɗin rajista, da na mota. Zai karɓi kuɗin gwajin a takardun naira masu kyau, ya ɗaga kowace sama ya duba ta a rana, ya ce a riƙe masa sulen tukuna, sai Lahadi mai zuwa.