Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Na'urar Korar Matasa ta Birtaniya

Ana miƙa wannan wasiƙa ga na'urar da ake kira Mosquito, wato ɗan akwatin nan da ake kafawa a saman ƙofar kanti ko a lungun gidajen haya, wanda ke fitar da siririn sauti mai kimanin kilohaz 17, domin a taya ta murna, kasancewar a cikin duk masu hulɗa da matasan Ingila ita kaɗai ce tsuke bakin aljihun gwamnati bai taɓa ba. Hikimar da Howard Stapleton ya gina ta a kai a Wales a shekarar 2005 ita ce, kunnen ɗan Adam yana daina kama siraran sautuka yayin da shekaru ke ja, ta yadda wanda ya haura shekara 25 yakan wuce bai ji komai ba, alhali ɗan shekara 14 yana jin abin yana huda masa kai har sai ya bar wurin. Adalcinta kuwa ba ya buƙatar shaida, domin ba ta bambanta ɓarawo da yarinyar da ke jiran mahaifiyarta ta fito daga kanti, kuma jaririn da ke cikin keken turawa ma yana samun rabonsa, duk da cewa ba shi da bakin kai ƙara.

Ya kamata na'urar ta san irin sa'ar da ta taka. Lokacin da gwamnatin David Cameron ta hau mulki a 2010, Ministan Kuɗi George Osborne ya zabtare kason da ake bai wa ƙananan hukumomi, su kuma da suka duba suka ga doka ta ɗaure su tamau a kan kula da tsofaffi da kare yaran da ake zalunta, amma ta sassauta musu a kan hidimar matasa, sai suka sa wuƙa a inda babu mai kai su kotu. Ƙungiyar YMCA ta lissafa cewa kuɗin hidimar matasa a Ingila da Wales ya sauko daga kimanin fam biliyan 1.4 zuwa fam miliyan 429 cikin shekara takwas, ragin da ya kai kashi 70 cikin ɗari, yayin da ƙungiyar ƙwadago ta Unison ta ƙirga cibiyoyin matasa 1,243 da aka rufe a Ingila da Wales tsakanin 2010 da 2023. A Ingila an kuma soke alawus ɗin da bai wuce fam 30 a mako ba, wanda ake bai wa 'ya'yan talakawa masu shekara 16 zuwa 19 don su ci gaba da karatu.

Cibiyar matasa, idan na'urar ba ta taɓa shiga ba, ɗaki ne mai ɗumi da teburin sinuka da butar shayi da ke buɗe bayan an tashi daga makaranta, a ƙasar da duhu ke rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma a lokacin sanyi. Abokin hamayyar na'urar na gaske shi ne ma'aikacin da ke cikin ɗakin, mutum mai tsadar riƙo, wanda ke lura cewa wani yaro ya kwana uku da riga ɗaya, ko ya shigo da sabon takalmin da kuɗin gidansu ba zai saya ba, sai ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali. Wannan ma'aikaci yana neman albashi da fansho da hutu, yakan kuma shiga yajin aiki, alhali na'urar wutar lantarki kawai take ci.

Sai dai akwai abin da ladabi ba zai hana a faɗa mata ba, wato ita tana kora ne, ba ta tambayar inda aka nufa. Yaron da aka kora daga makaranta, aka rufe masa cibiya, aka kuma tashe shi daga bakin kanti, yakan tarar da ƙofa guda a buɗe, ta dillalan miyagun ƙwayoyi da ke ɗaukar yara daga London ko Liverpool suna aika su ƙananan garuruwa da kaya, bayan sun fara da saya musu soyayyar kaza da wayar hannu, sannan su ɗaure su da bashi. Masaniyar tattalin arziki Carmen Villa, wadda ta bi diddigin rufe cibiyoyin London, ta gano cewa matasan da aka rufe musu cibiyar unguwa sun fi takwarorinsu faɗawa aikata laifi da kashi 14 cikin ɗari, kuma duk fam ɗaya da aka yi tsiminsa ya jawo asarar kusan fam uku. Wannan shi ne tattalin da aka yi.

Tun a 2010 zauren 'yan majalisa na Majalisar Turai (Council of Europe) ya nemi a haramta na'urar, Birtaniya kuwa ba ta yi hakan ba, su ma matasan ba su zauna ba, sun kwafi sautinta sun mai da shi ƙarar waya wadda malami ba ya ji a aji. Tun da an ƙara mata maɓallin kilohaz 8 wanda kunnen manya ke kamawa, ana roƙonta ta amince a ɗauke ta daga ƙofar kanti a kafa ta a ginin Baitulmali da ke Westminster, a kunna wannan maɓallin a makon da ake rubuta kasafin kuɗi, a kuma bar shi a kunne har sai waɗanda ke ciki sun fito neman wurin zama.