Rabe-raben Masu Gareji a Ranar Kwashe Tarkace

Gareji ɗaki ne da ake ginawa a jikin gida domin mota ta kwana a ciki. A unguwanni irin su Nassarawa, Bompai da Hotoro a Kano, ko Malali da Unguwar Rimi a Kaduna, da wuya a sami gidan babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ba shi da gareji, da wuya kuma a sami motar a cikinsa. Abin da akan tarar shi ne tsofaffin tayoyi, janareta biyu ko uku da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, firjin da ya daina sanyi, katifar da ta lotse, buhun siminti da ya daskare, da ƙurar hunturu ta shekara da shekaru. Motar tana waje tana shan rana. Lamarin bai tsaya a nan kaɗai ba: wani bincike da Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas ta wallafa a 2012 kan gidaje 32 ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu na garejin gidajen ba su da wurin da mota za ta shiga. A Amurka gyaran irin wannan wuri sana'a ce mai ƙungiya tun shekarun 1980, kuma da awa ake biyan mai yin ta.

A ƙasar Hausa aikin a rarrabe yake. 'Yan dako ne ke fitar da kaya, mai kura ya tura su, 'yan gwangwan su auna ƙarfe su biya da kilo, tagulla ta fi tsada, sai alminiyam, sai baƙin ƙarfe a ƙarshe. Dillaliya ke karɓar kayan mata, kafinta ko mai walda kuma ya kafa kanta a bango idan an ga bangon. Akan sami mutum ɗaya da ya karɓi aikin jimla, shi ke haɗa waɗannan duka, shi ne kuma ake nufi da mai gyara. Ɗaukar kayan ba shi ne wahalar ba, don ƙarti uku za su iya share gareji tsakanin hantsi da azahar. Abin da ke kai aikin kwana uku shi ne mai garejin, kuma masu gareji iri-iri ne.

Wanda aka fi yawan cin karo da shi shi ne mai cewa "wata rana zai yi amfani." Shi da kansa ya kira mai gyara, ya yi alkawarin cewa yau ba sani ba sabo, amma da zarar an ɗaga abu na farko sai ya miƙe tsaye. Fankar da ba ta da fiffike ko ɗaya, a wurinsa koyil ɗinta lafiya lau yake. Wayar tebur ta zamanin NITEL, wadda ta yi shiru tun bayan zuwan wayar hannu a 2001, ya ce ba a san abin da gwamnati za ta farfaɗo da shi gobe ba. Yakan raba kaya gida uku: na ajiyewa, na gyarawa, da na "bari a gani." Na zubarwa bai taɓa wuce kwali ɗaya ba, shi ma da magariba akan gan shi tsugune yana sake dubawa. Mafi ƙwarewa a wannan aji shi ne mai Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Motar na ɗore a kan bulo huɗu, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, amma shi ya tabbatar da cewa batir kawai take buƙata. Garejinsa ne kaɗai a duk wannan lissafi da mota ke ciki, kuma wannan hujja ce da mai gyara ba ya iya karyawa.

Dab da shi akwai tsohon ma'aikaci mai takardu. Garejinsa cike yake da fayil-fayil, takardun biyan kuɗin wuta masu tambarin NEPA, hukumar da ta sauya suna tun 2005, da ɗaurin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo waɗanda gara ta riga shi karantawa. Ba ya hana a zubar da takarda, sharaɗinsa kawai sai ya karanta ta tukuna. Yakan sa a kawo masa kujera da tabarau, ya ɗauki takarda ɗaya, ya ce, "Kai samari, kun san wanda ya sa hannu a nan?" Daga nan sai tarihin ƙarin albashin Udoji, da yadda aka sayi rediyon da ke can ƙarƙashin katifa. Wannan mutum yana da uzuri da ya kamata a faɗa: duk wanda ya taɓa tsayawa layin tantance 'yan fansho, aka nemi takardar ɗaukarsa aiki ta shekara 40 baya, ba zai ƙara raina kowace takarda ba. Sai dai uzurin bai shafi katin gayyatar walimar 1988 ba. Mai gyara mai wayo yakan yi cinikinsa da irin wannan a kan yini, ba a kan jimla ba.

Hajiya mai kwanuka ajinta daban ne, don ita ta san abin da ke cikin kowane kwali da ranar da ya shigo. Akwai samira da kumbo da tasoshi na kayan ɗakinta na aure, akwai kulolin abinci da ba a taɓa buɗewa ba, sannan akwai robobi da bokitai na rabon biki, kowanne manne da hoton ango da amarya, waɗansu ma'auratan har sun aurar da nasu 'ya'yan. Ba ta yarda namiji ya taɓa mata kwano, saboda haka dillaliya ake kira. A nan ne ciniki ke tsayawa cik, domin Hajiya da farashin da ta saya take auna kaya, ta kuma ƙara da darajar wadda ta ba ta. Idan dillaliya ta taya, sai ta ce, "Haba baiwar Allah, wannan fa gwaggona ce ta kawo mini daga Makka." A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, garejin na da iyakoki da ba a zana a ƙasa ba, kuma ɗan dakon da ya ɗora kwalin uwargida a kan na amarya zai ji bayanin iyakar da babbar murya.

Akwai kuma mai amana, wanda rabin kayan garejinsa ba nasa ba ne. Gadon ƙanensa ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, keken ɗinkin wata 'yar uwa da ta yi yaji ta koma ɗakinta ba ta ɗauka ba, da akwatunan wani maƙwabci da ya ce sati biyu kawai. Aikinsa duk a waya yake yin sa. Kowane mai kaya kuma amsarsa ɗaya ce: a bar masa, yana nan zuwa bayan Salla. Ba a faɗi wace Sallar ba. Idan a cikin kayan akwai na mamaci da ba a raba gadonsa ba, to nan wasa ya ƙare, domin haƙƙin magada ne, kuma mai gyaran da ya san abin da yake yi ba ya sa hannu a kai ko an ce ya ɗauka.

Mai ganin arziki shi ne wanda ya kira a gyara masa gareji amma a zuciyarsa kasuwa ya buɗe. Ya ji labarin cewa tsofaffin kayan ƙarfe na ɗauke da wani sinadari mai tsadar gaske. Irin wannan jita-jita ta taɓa tashi a Saudiyya a 2009, inda aka riƙa neman tsofaffin kekunan ɗinki na Singer ido rufe saboda wai akwai jan makuri a ciki, abin da ba a taɓa samu ba. Tun daga ranar da labarin ya iso kunnensa, dutsen guga na gawayi da agogon bangon da ya tsaya suka zama kadara. Idan ɗan gwangwan ya yi saurin tayawa, sai ya ce ya fasa sayarwa, tunda yaron ya ga wani abu. Idan ya ƙi tayawa, sai ya ce wayo ne. Yana zargin sikeli, yana zargin mai riƙe da sikelin, a ƙarshe kuma yakan nemi a cire kuɗin aikin daga kuɗin ƙarfen, a ba shi canji.

Mai kunya ba ya ɗaukar lokaci. Kwana biyu kafin zuwan mai gyara yakan shiga garejin da kansa ya rage abin da zai sa a yi da shi, ya kuma nemi a fara aiki bayan sallar asuba, kafin maƙwabta su fito. Duk abin da aka ɗaga sai ya ce na yara ne.

Kishiyar waɗannan duka shi ne mai "a kwashe duka." Yawanci ɗan gidan ne da ya dawo hutu, ko ya ga hotunan gidajen Turawa a Instagram, ya kuma zaɓi ranar da Baba ya yi tafiya. Masu gyara na son sa, don ba ya buɗe kwali, ba ya ciniki, kafin la'asar gareji ya yi fes har ana jin amsa-kuwwa. Matsalarsa takan fito ne bayan kwana biyu, lokacin da Baba ya dawo ya tambayi wata tsohuwar jaka mai ruwan ƙasa, wadda takardar filin gidan ke ciki. Daga nan sai a ga saurayi a kan babur yana zagaya rumfunan 'yan gwangwan da kasuwar Ƙofar Ruwa, yana kwatanta wani mai kura "dogo haka, mai jar hula." Abin da ya sayar da kilo, idan an dace an same shi, da ɗai-ɗai yake fansarsa.

Kuɗin aiki yakan danganta ne da ajin mai garejin fiye da yawan kayan. Inda ƙarfe ke da yawa kuma maigida ya saki, mai gyara ne ke biya. Inda takardu da kwanuka suka fi yawa, maigida ne ke biya, har da abincin rana. Masu aikin kan ɗaure hanci da ƙyalle saboda ƙura, ba sa kuma cusa hannu ƙarƙashin kaya sai sun zungura da sanda, don kunama da maciji na son wurin da aka daɗe ba a taɓa ba.

Bayan an gama, masu gareji kan sake rabuwa biyu. Na farko yakan sa a kafa masa kanta, ya sayo manyan robobi masu murfi, ya rubuta sunan kaya a jikin kowace, ya shigar da mota har na 'yan makonni. Sai a kawo buhunan masara na kaka a ce a ɗan ajiye, sai ragon Layya ya buƙaci wurin kwana, sai motar ta koma waje, a kira mai walda ya yi mata rumfa. Na biyu kuwa, da ya ga girman ɗakin babu komai a ciki, kuma ƙofarsa na kallon titi, sai ya tuna abin da ake biya hayar shago a layin. Akan sa masa siminti da fenti a ba mai kayan masarufi ko tela, tarkacen da suka tsira kuma a mayar da su ɗakin maigadi.