Zuwa ga Bazazzagi, Sabon Likitan Zukata

Bazazzagi bawana! Labari ya riga ka isowa Kano: wai limaminku ya ɗora maka jagorancin taron yammacin Laraba na wannan azumin kwana arba'in, kuma kan maganar da aka ba ka shi ne binciken zuciya. Sai da na sa mai ba ni labarin ya maimaita, ko kunnena ne ya fara tsufa. Duk faɗin majami'ar nan an rasa wanda za a ba sai kai? To, madalla. Allah ya sa albarka, ya kuma ba masu sauraro haƙuri.

Kada ka ce na raina maka. A fagen bincike ban san na biyunka ba, in dai zuciyar ta wani ce. Daga bencinka na uku, gefen taga, ka san wanda ya shigo bayan an gama karatu na fari. Ka san matar da ta ɗaura sabon ɗankwali alhali mijinta bai cika alkawarin da ya yi ranar godiya ba. Ka san yarinyar da ke cikin mawaƙa wadda idonta ke yawan zuwa wajen mai kiɗa. In wa'azi ya yi zafi, aminka ya fi na kowa ƙarfi, sannan ka karkata wuya a hankali kana neman wanda maganar ta dace da shi. Tun muna samari ban taɓa jin ka fito sujada ka ce yau da ni ake ba. Kullum sai dai ka ce kash, da ma wane ya zo ya ji. Laifi tudu ne, kai kuwa naka har kujera ka kafa a kansa don hangen ya yi daɗi.

Na san yadda za ka buɗe taron, don ba ka da wata ƙofar shiga magana sai tarihi. Za ka gyara gilashi, ka yi gyaran murya irin ta mutanen birnin ilimi, ka fara da Dakta Miller, baturen mishan: yadda ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, yadda mishan ta koma Wusasa a 1929 aka gina majami'ar Bartalamawas ta ƙasa da hannun magina Hausawa, yadda Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Za ka ƙara da cewa a nan Janar Gowon ya tashi, kamar kai ka yi masa raino. Ba za ka rufe ba sai ka soke ni, ka ce ai mu Kanawa korar su Miller muka yi a 1900, da Sarki Alu ya ce su tattara su bar masa gari. An yi haka, ban musa ba. Amma ka riƙa faɗin ƙarshen labarin, cewa daga baya Kanon Miller ya dawo ya zauna. Ko bature ya san inda zama yake da daɗi. Abin da nake so ka ji, Na-Wusasa, shi ne tsufan ginin kakanninka ba zai amsa maka tambaya ko ɗaya ba. Su sun yi nasu sun tafi. Limami bai ce ka binciki zuciyar Miller ba.

Tun da kai ne mai karatu, buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 11, inda kowane fasto ke zuwa in zai gargaɗi mutane su auna kansu kafin Jibin Ubangiji. Ka hau sama kaɗan da ayar da aka saba karantawa, ka ga abin da ya jawo faɗan. Ba wani ɓoyayyen tunani ne ya tayar wa Bulus da hankali ba. Abinci ne. Masu hali suna riga zuwa, su ci su ƙoshi, har wani ya bugu, talaka ya iso daga aiki ya tarar da kwano a wanke. A kan wannan aka ce kowa ya duba kansa. Wato awon ba a ɗaki kaɗai ake yin sa ba, ido a rufe, fuska a yamutse. Har da bakin tukunya.

Yanzu faɗa mini, ranar bikin godiyarku, wa ya zauna a babban tebur ya ce a ƙaro masa cinyar kaza ta biyu, ya kuma sa aka ƙulle ta uku a leda wai ta Mama ce? Matan Zumunta da suka kwana suna gyaran shinkafa, suka hura wuta tun kafin asuba, suka sha hayaƙi har idonsu ya yi ja, ƙanzo suka samu. Su ne dai masu shara ranar Asabar, su ne masu zaman makoki, su ne masu kai wa mai jego ruwan zafi da kunu. Kai kuma ka miƙe da makirufo ka yaba musu da kalmomi masu tsawo, bakinka yana sheƙin mai. Wallahi jawabin ya yi kyau. Ba ya dai cika ciki.

Sai maganar gaisuwar salama. Ku Anglikan kuna da wannan al'ada mai kyau, kafin a matso teburi kowa ya juya ya ba ɗan'uwansa hannu. Wanda ya tsara ta ya san abin da yake yi, don Almasihu da kansa ya ce sulhu da ɗan'uwa yana gaba da miƙa baiko. To na ga yadda kake yin taka. Ka gai da na dama, ka gai da na hagu, ka tsallaka har wajen mawaƙa, ka shafa kan yara, amma da ma'ajin kwamiti ya doso sai igiyar takalminka ta kwance. Takalmin nan kuwa ba shi da igiya. Laifin bawan Allah ɗaya ne: ya tambaye ka rasit ɗin kujerun roba a gaban mutane. Ba wanda ya ce ka ci kuɗin, ni ma da nake neman abin faɗa a kanka ban yarda ka ci ba, rowarka ba za ta bar ka ka kashe ko na haram ba. Takardar ce ka yar, girman kai kuma ya hana ka cewa na yar.

Na san amsarka. Za ka ce ai duk Lahadi kana durƙusawa tare da jama'a ku furta zunubanku. Gaskiya ne, muryarka ma ta fi ta limami fita. Sai dai furcin jam'i ba shi da tsada. Mu duka masu zunubi ne, wa zai ji kunyar faɗin wannan? Ko gwamna zai faɗa a gaban 'yan jarida ya yi murmushi. Mai wuyar shi ne a kira abin da sunansa, da ranarsa, da wanda aka yi wa. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, da ya zauna rubuta littafin furcinsa wajen shekara ta 400, bai tsaya a kan cewa shi ɗan Adam ne ajizi ba. Ya kawo labarin 'ya'yan itacen maƙwabci da suka sata shi da abokansa yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, don yawancinsu ma aladu suka watsa wa. Babban malami, ya cika shafuka yana tambayar kansa me ya ji daɗinsa a cikin satar. Kai da ka ƙarar da mangwaron unguwa guda, har yau cewa kake iska ce ta kaɗo.

In kuma ka ce wancan tsohon zamani ne, ga 'yan ɗarikarku na Ruwanda da Yuganda. A farkawar da ta tashi daga Gahini a shekarun 1930, wadda ake kiran mutanenta Balokole, mutum kan miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, sannan ya je ya mayar da abin da ya ɗauka, kuɗi ne ko fartanya. Abin ya ba shugabannin coci na lokacin ciwon kai, don wasu sun wuce gona da iri, suna tona abin da ya kamata a rufe. Ni ban ce ka miƙe ranar Laraba ka zazzage mana cikinka ba, akwai yara a wurin. Amma mayar da kayan mutane ba ya buƙatar makirufo. Littafin Waƙoƙin katikis da ka ara tun bikin auren ƙanwarka yana nan a kan talabijin ɗinka, na gan shi, har ka rubuta sunanka a bango.

Kafin ka ɗauko alƙalami, bari in rage maka aiki. Za ka ce mu 'yan ECWA, da ba mu samu suna ba sai 1954, me muka sani ban da sanya mutum a ƙarƙashin horo, a kira sunansa daga bagade, a tura shi bencin baya, a hana shi Jibi. Za ka ce Bakano ko baiko zai saka sai ya nemi ragi. Faɗi, bakinka ne. Bencin bayan nan ma akwai magana a kansa, don sau da yawa yarinyar da cikinta ya fito ce ke zama a kai, wanda ya yi cikin yana gaba da babbar riga. Mai gaba da ɗan'uwansa, da mai rowa, da mai kai gulma da sunan roƙon addu'a, ba a taɓa tura su can ba. Da ana turawa, da sai an ƙaro benci, kuma da tuni an rubuta sunanka a jikin na farko.

Duk da haka ba zan yi maka ƙarya ba, ko don kada a ce Bakano ya rage mudu. Na san wanda ya ɗauki tsohuwar nan a motarsa cikin dare zuwa asibiti, ya kwana a kan benci sauro yana cinsa. Na san mai biyan kuɗin makarantar marayun nan biyu, wanda ya ja wa shugaban makaranta kunne kada ya faɗa. Abin mamaki, wannan ne kaɗai sirrin da ka taɓa riƙewa a rayuwarka. Mai irin wannan zuciyar ba zai mutu ba don ya taka zuwa gidan ma'aji da goro biyar a aljihu.

Saboda haka ka je kafin Laraba, da daddare in kunya kake ji, babu mai ganinka sai karnukan unguwa. Ka biya ta gidan katikis da littafinsa. Ka ce wa Mama ina gaishe ta, ina kuma tambaya ko cinyar kazar ta iso hannunta. Kuɗin sharata na bara da na bana kuwa, ka haɗa ka ba direban motar Kano, kada ka ce sai ka yi addu'a a kai tukuna.