Manhajar Kyauta, Fetur Na Kuɗi

A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ɗalibin injiniya na jin an ce manhajar OpenFOAM kyauta ce sai ya washe baki. Kyautar ce kuwa, amma in ɗanya ka ɗauko, kai za ka dafa. Ka buga Allwmake, ta ce gcc ɗinka ya tsufa. Ka sabunta, ta nemi OpenMPI. Ka roƙi mai kula da kwamfutocin, ya ce, "Ɗan samari, nan ba wurin taɓawarka ba ne." A yi awanni ana harhaɗawa, sai a ɗauke wuta. Manhajar da za ta lissafa gudun ruwa cikin bututu, ga ta tana jiran galan ɗin fetur na janareta daga Sabon Gari.