Toyota ta koyi Hausa a Wadata

A Japan, in gilashi ya tarwatse sai su ce "gashan", in abu ya fashe kuma "dokan". Amma Toyotar da suka ƙera, da ta shigo tashar Wadata a Yamai, ta manta harshen gida. Taksi ya gogi motar faba-faba, ƙiii! Ɗan kabu-kabu ya sha ƙasa, tim!

Rigimar tana wajen shaidu. Wanda aka yi a gabansa ya ce "ƙwas kawai na ji". Mai shayi, da ko waiwayowa bai yi ba, ya rantse "garam" ne. Kafin labari ya kai unguwar Talaje ya zama "rugugum", har ana jajantawa.

Malam direba, in kai za ka biya gyara, riƙe mai "ƙwas" da kyau, ka saya masa shayi. Shaidarsa ta fi araha.