Lauyoyin da Muka Gani a Hanyar Khul'i

Auren ƙanwata ya kai inda ko limamin unguwa ya daina cewa a yi haƙuri. Miji ya rantse ba zai ba da takarda ba ko sama da ƙasa za su haɗe, ita kuma ta ce ko gawarta kada a kai gidan. Saura khul'i: ta mayar masa da sadakinsa, alƙali ya raba. Sadakin naira 50,000 ne, ku riƙe wannan adadi. Baba ya ce tunda ni ne babba, in nemo mata lauya.

Na farko shi ya nemo mu. Ban gama kafe babur a bakin kotu ba ya taso daga gindin darbejiya, sanye da baƙar kwat da rana ta mayar ruwan ƙasa. "Saki ne ko gado, yallaɓai?" Ofishinsa kaf yana cikin jakar da ya rataya. Ƙa'idar aikin lauya ta hana farautar masu ƙara kamar kwandasta a tasha, amma wannan har hannun rigata ya kama. Na ce ya nuna mana hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake mannawa a takardun kotu. Ya laluba aljihu, ya ce yana cikin ɗayar kwat ɗin.

Na biyu bene muka hau. Sanyin na'ura, littattafai har rufi, Turanci kamar da bakin ƙwarya. Ya yi mana rabin awa a kan dokar rabuwar aure ta 1970: sai a Babbar Kotu, ba a shigar da ƙara kafin aure ya shekara 2 sai da izini, kuma ko an yanke hukunci sai an jira wata 3 ya tabbata. Duk gaskiya ne, sai dai dokar ta auren rajista ce. Da ya ce mu kawo satifiket, ƙanwata ta ce, "Barista, namu satifiket ɗin goro ne da alewa, kuma an cinye." Bai yi dariya ba. Sakatariyarsa ta karɓi 20,000, kuɗin ganin fuska.

Akwai mai hura wuta, wanda ina zargin finafinan Amurka ne suka yaye shi. "Hajiya, sai mun raba gidansa biyu!" A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci ke bi a nan, dukiyar miji tasa ce, ta mata tata, kayan ɗakinki dai ki kwashe har tsintsiya. Balle ma mutumin a gidan haya yake, ana bin sa wata bakwai.

Kishiyarsa shi ne mai wa'azi. Ka biya kuɗi don a raba, ya tisa ka gaba da nasihar zaman aure. Mun riga mun sha zaman sulhu a Hisbah har sau uku, kuma can kyauta ne.

Lauyan dangi ba ya karɓar ko sisi. Kafin magariba dai gwaggo ta Funtuwa ta san abin da aka faɗa a cikin ɗaki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai lissafin idda. Ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa. Ni ko kallo ban ishe shi ba, ita kuwa har lemo aka kawo mata. Bai tambayi sadaki ba, bai tambayi shaidu ba. "Shekarunki nawa, ranki ya daɗe? Yara biyu kacal? Kai, wasu mazan ba su san darajar zinariya ba." Da na tambayi kuɗin aiki, sai ya ce ai mun zama ɗaya. Yaushe? Ya kuma nemi lambar wayarta, wai shari'a na iya tasowa da dare. Mutum ya san tsarki uku ne idda, ya san ba a neman aure a cikinta, shi ya sa ya zo kama layi tun ba a fara ba.

Daga ƙarshe wata maƙwabciya ta tura mu wurin wata barista 'yar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dattijuwa mai tabarau da igiya. Tambaya uku ta yi: nawa ne sadaki, wa ya shaida, yaran suna hannun wa. Ta ce riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta auri bare ba, ci da sha kuma na uba. Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, nawa ka kashe zuwa yanzu?" Na haɗa da kuɗin mai, ya haura sadakin.

Ranar zaman farko muka iske miji ya riga mu zuwa, shi da lauyansa: mai kwat ruwan ƙasa na gindin darbejiya. Ya ɗaga mini hannu kamar tsohon aboki, ya miƙe ya roƙi alƙali a ɗage zama, wai takardunsa suna cikin ɗayar jakar.