Zuwa Ga Bazazzagen Da Ya Tafi Gyara Wa Duniya Turanci

Bawana Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida. Ina gajiya, yaya baƙunta, yaya kuma fama da shinkafa safe da rana da dare? Labari ya iso mana Kano cewa kana can gabashin tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya kana ta mita, wai yaran da aka ba ka ka koya wa Turanci kansu ba ya ja. Haka ka riƙa faɗa a kan 'ya'yan Larabawa lokacin da kake Jidda. Wato a wurinka duk duniya daƙiƙai ne, ɗan Zage-zagi kaɗai Allah ya yi wa kwanya. To gyara zama in ɗora maka karatu, tunda ɗawainiyarku a wuyanmu take tun kaka da kakanni.

Hujjarka jimloli biyu ne. Ɗan Jidda ya rubuta maka “He was write the letter”, ɗan Jawa ya rubuta “Yesterday I go to market”, ka zare jan biro ka zabga musu gicciye iri ɗaya, ka rubuta a gefe cewa ba su san lokutan aikatau ba. Ai ko mai maganin gargajiya na bakin tasha yakan tambayi inda ke ciwo kafin ya ƙulla gari. Yaran nan biyu ba ciwo ɗaya ke damun su ba.

Ɗauki ɗan Indonesiya tukuna. A harshensa aikatau ba ya sauya kama saboda lokaci, ko da ƙwayar zarra. Makan shi ne ci: jiya makan, yau makan, gobe ma makan. Ƙananan kalmomi ne ke ɗaukar lokacin a gefe. Kemarin jiya, besok gobe, tadi ɗazu, nanti an jima. Sudah na nufin an riga an yi, sedang ana cikin yi, akan za a yi, belum kuwa ba a yi ba tukuna. Kada ka ce bai san ɗafi ba, ya sani sarai: menulis ya rubuta, ditulis an rubuta. Sai dai ɗafin nasa aikinsa nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa, ba ruwansa da jiya ko gobe. Saboda haka in ya ce “Kemarin saya pergi ke pasar”, ya gama magana, ba wanda ke bin sa bashin komai. Da ya zo Turanci ya ajiye “yesterday” a farkon jimla, a lissafinsa ya biya kuɗin lokaci lakadan, sai ga ka da jan biro kana cewa ya sake biya a jikin aikatau. Ni Bakano na fahimci yaron nan fiye da kai, don ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin atamfa a kasuwar Kwari ya juya ya sake biya da son ransa ba.

Daga sudah ɗin nan ne “I already eat” ta fito, wadda na tabbata kana ji kullum da azahar. Yaron ya nemi kalmar Turanci da za ta zauna a gurbin sudah, ya samu “already”, ya bar aikatau yadda ya gan shi. Belum kuma ka riƙe ta da kyau, don ita ce amsar mutunci a can. In an tambayi tuzuru ko ya yi aure, ba ya cewa a'a, sai ya ce belum, ko da furfura ta gama cin kansa. Kai ma in sun tambaye ka ko ka fara jin harshensu, ka san abin faɗa.

Akwai kuma abin da ya kamata kunnen malami ya kama, in da malamin na saurare. Harshen Indonesiya na asali ba ya tara baƙaƙe a ƙarshen kalma. “Walked” da “asked” da “helped” duk da cunkoson baƙi suke ƙarewa, sai bakin yaron ya yar da na ƙarshe, wanda kuwa shi ne ke ɗauke da shuɗaɗɗen lokacin. Yana iya sanin ƙa'idar tsaf, harshensa ne ya ƙi ɗauka. Gwada shi mana. Ka sa ya faɗi “wanted” da “walked”, sannan ka sa ya rubuta su. In ya kawo ta farko daidai a baki, ya kawo duka biyun daidai a takarda, to aikin furuci ne a gabanka, ka daina cika masa allo da jadawalin nahawu.

Balarabe kuwa da kayansa niƙi-niƙi ya shigo ajinka, kuma kayan ne suka yi masa nauyi. Shi aikataunsa na sauyawa: kataba ya rubuta, yaktubu yana rubutawa ko yakan rubuta. Madi da mudari'i ke nan, waɗanda malamanmu na zaure ke kira mali da mulari'i. Matsalar ita ce ɗakuna biyu gare shi, Turanci kuwa ya yanyanka gidan ɗaki-ɗaki. Madi ɗaya ne ke ɗaukar “wrote” da “has written”, mudari'i ɗaya ne ke ɗaukar “writes” da “is writing”. In yana son ya ce mutum yana cikin rubutu a da, sai ya kawo kana ya jingina mata mudari'i: kana yaktubu. Ɗauki wannan ka juye kalma da kalma, me ka samu? “He was write”, ko “he was writes”. Jimlar da ka yi wa gicciye a Jidda ke nan, kuma yaron bai yi ta da ka ba, ginin gidansu ya bi sak.

Haka “I live here since five years” take. Balarabe cewa yake askunu huna munzu khamsi sanawat, da mudari'i, don har yanzu yana zaune a wurin, kuma munzu ɗaya ce ke yin aikin “since” da “for”. Mu ma ai cewa muke ina zaune a nan shekara biyar, ba mu ga abin da ya kawo “have been” cikin zancen ba. In ya zo sharaɗi sai ya ƙara rikita ka, domin bayan iza madi ake sawa ko da abin sai gobe zai faru: iza najahta, in ka ci jarrabawa. Shi ya sa yake rubuta maka “If you passed tomorrow”. In kuma yana ba da labarin abin da wani ya faɗa, ba ya jan aikatau baya yadda Turanci ke so, sai ka ga “He told me last year that he is sick”, kai kuma ka tsaya kana jajanta ciwon da aka warke tun bara.

Wuri ɗaya da za ka ce sun haɗu shi ne yar da “is” da “are”. Balarabe ya ce abi mudarris, ɗan Indonesiya ya ce ayah saya guru, dukansu su rubuta “My father teacher”. Amma ko nan ɗin ka matsa su zuwa shuɗaɗɗen lokaci ka ga rabuwar hanya. Balarabe na da kana, saboda haka “was” takan faɗo masa da sauƙi. Ɗan Jawa zai sa dulu, wato a da, ya wuce abinsa, “was” ba ta ko faɗo masa a rai ba. Wannan ɗan gwajin na minti biyar ya fi duk jan biron da ka ƙarar amfani.

Wani abin da ka tsallake, kai da kake taƙama da digiri, shi ne harshen littafi daban, harshen da uwa ta yi wa yaro rarrashi da shi daban. Ba Balaraben da aka goya da fusha, wato Larabcin littafi. Bamisire na cewa biyiktib yana rubutu, hayiktib zai rubuta. Mutumin Sham na sa am kafin aikatau in ana cikin aikin, na Sudan da na yankin Gulf su sa ga'id. Ka ga ashe bakinsu na gida ya san bambancin abin da ake cikin yi, sai dai ba wanda ya taɓa nuna musu cewa nan ne “-ing” za ta zauna. A Indonesiya kuma harsuna sun haura 700. Matasa ne suka yi alkawari ranar 28 ga Oktoba 1928 cewa harshe ɗaya zai haɗa ƙasar, tsarin mulkin 1945 ya tabbatar da shi, amma yawancin yaran ajinka da Jawanci suka buɗe baki. Shi ma tafiyarsu ɗaya: wis an riga, lagi ana ciki, arep za a yi, durung tukuna. Harshe biyu ke nan suka taru suka gaya wa yaro cewa aikatau ba a taɓa shi. Ga shi manhajar 2013 ta cire Turanci daga jerin darussan firamare, da yawansu sai a sakandare suka fara haɗuwa da shi sosai. Sannan kai ka sauka daga jirgi da babbar riga kana neman su ba ka “had been going” cikin zango ɗaya.

Na san abin da za ka ce, don Bazazzage ba ya rasa ta cewa: ashe komai laifin harshen uwa ne? A'a, kuma an gaya maka wannan a jami'a a Samaru, sai dai ko ranar kana bakin Kasuwar Mata wurin cin ɗanwake. Robert Lado ne a 1957 ya tsaya a kan cewa in ka jera harsuna biyu ka ga inda suka saɓa, ka gano inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Pit Corder ya zo a 1967 ya ce kuskuren ɗalibi shaida ce ta inda karatunsa ya kai, a karanta shi maimakon a yi ta share shi. Larry Selinker a 1972 ya ce mai koyo na gina wani harshe nasa na tsaka-tsaki mai ƙa'idojinsa. A 1974 Heidi Dulay da Marina Burt suka nuna yara masu jin Sifaniyanci da masu jin Sinanci kusan jeri ɗaya suke bi wajen kama ƙananan ɗafe-ɗafen Turanci, duk da nisan da ke tsakanin harsunansu. A shekarar ce kuma Scott da Tucker suka bi kurakuran ɗaliban Larabawa a Jami'ar Amurka ta Beirut, aikatau na cikin manyan wuraren da suka fi faɗuwa. Kathleen Bardovi-Harlig ta tattara binciken fannin a littafinta na 2000, inda ta nuna mai koyo kan jingina da kalmomi irin su jiya da gobe kafin ɗafin aikatau ya zauna masa. A ganina ɗan Indonesiya yakan daɗe a wannan zangon ne don harshensa na ce masa ai an iso. Amma “goed” da “didn't went” ba na Larabci ba ne, ba na Jawanci ba ne. 'Ya'yan Turawa ma na cewa “goed” a Landan. Wannan laifin harshen ne da ya ce “go” yau, “went” jiya, ba tare da ya ba kowa haƙuri ba.

Tunda kana Jawa ta Gabas, ka hau mota ka je Pare kusa da Kediri, inda Kalend Osen ya buɗe ajin Turanci a 1977, yau har ana kiran wurin Ƙauyen Turanci saboda yawan makarantun. Ka leƙa Gontor a Ponorogo, makarantar kwana ta addini da aka kafa a 1926, inda ɗalibai ke rayuwa da Larabci da Turanci ana karɓa-karɓa. Almajiran Indonesiya Ajuruma da Alfiyyar Ibn Malik suke haddacewa, irin waɗanda ake biyawa a zaurukan Madabo a nan Kano. Yaron da ya san madi da mudari'i ya riga ya yarda cewa aikatau na iya sauya kama saboda lokaci, rabin aikinka ya ƙare. Ka ce masa “went” madi ce, ka ga yadda idonsa zai buɗe. Sai dai ka kula kada ya kwaso “was write” daga can ya haɗa da “yesterday I go” ta gida, ka tashi da kaya biyu. Ina kuma jiye maka ranar da ɗaya daga cikinsu zai ce ka yi masa i'irabin jimla, kai da ka tsere daga zaure tun ba a kai babin fi'ilai ba.

Yanzu saura kai, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Wa na ji yana cewa “I am coming” alhali ya juya baya yana fita? Ina zuwa ce ka sa wa kwat. Wa ke cewa “I am having two cars”, ban da ma ƙaryar motocin? Wa ya rubuto mini “I have seen him yesterday” da sallar bara? Hausa ma ai a jikin wakilin suna take rataya lokaci: na saya, zan saya, nakan saya, aikatau na zaune abinsa. Da ɗan Jawa kuka fi kusa, ba ka sani ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne abin da ban taɓa ji ka yi ƙorafi a kansa ba. Ɗan Indonesiya kalma ɗaya gare shi, dia, ita ce shi, ita ce ita. Malaman Turanci a can kuka suke da “My mother, he is cooking”. Kai kaɗai ne ka yi shiru, kana ba da maki cikakke, don a kunnen mutumin da ya tashi yana jin “matana ya dawo” da “yarinyan ya yi kyau” ba abin da ya ɓaci a jimlar. Allah ya haɗa ka da 'yan'uwanka a ƙarshen duniya. In ka musa, ɗauki waya ka yi mini saƙon murya na minti biyar da Turanci, ka ba ni labarin yadda uwargida ta yi azumin bana. Zan tara mutanen layinmu a Kwari bayan la'asar, mu sa a lasifika, yaron shagona na riƙe da biro yana ƙirga “he”.